Na je zana Iya mai ƙosai, na ɓige da zana bangonta

Wata biyu da 'yan kwanaki wannan zanen ya ci min, kuma abin da na ɗaura niyyar zanawa daban, abin da ya fito a ƙarshe daban. Mutane suna yawan tambayata wai daga ina nake samo abubuwan da nake zanawa, sai in rasa me zan ce musu, don in nace daga bakin layinmu sai mutum ya ga kamar raina masa hankali nake. To bari dai in kawo labarin guda ɗaya tiryan-tiryan.

Ni ba a makaranta na koyi zane ba. A Fagge na tashi wajen wani ogana mai rubuta allon shaguna, na kemis, na gidan abinci, na wurin aski, da rubutun bayan manyan motoci, sai da na yi shekara kusan uku ina wanke masa buroshi da kananzir kafin ya yarda na ja harafi ɗaya a allon kwastoma. Da injinan buga bana suka cika gari aikin hannu ya mutu murus, kowa ya koma kwamfuta, shi ne na fara taɓa kanbas don kar hannun ya kwanta. Na faɗi wannan ne don a gane matsalata, hannuna layi miƙaƙƙe ya sani, komai sai ya fito tsaf kamar allon asibiti, kuma ba kowane zane ne yake son haka ba.

A bakin layinmu nan cikin gari akwai wata dattijuwa mai suyar ƙosai, kowa Iya yake ce mata, ni tun ina ɗan firamare nake ganinta a gurin nan, gindin katangar wani tsohon gidan ƙasa da aka yi wa shafen siminti zuwa rabi aka bar sauran. Ana idar da sallar asuba ta hura wuta, kujerarta 'yar tsugunno, robar ƙullu a dama, bokitin koko a hagu, matsami a hannu, in ta zuba a kasko sai ta jingina da bango tana jira ya soyu. Hantsi na dubawa ta tattara. Shekara da shekaru ina son zana ta. Na roƙe ta na ɗauki hotonta a waya, tace ɗan nan me za ka yi da hoton tsohuwa, na yi zanen fensir ya fi goma, duk sai su fito kamar hoton kalanda, mata mai ƙosai dai ga ta nan amma ba Iya ba. Ga kuma maganar fuska. Hajiyarmu ba ta son zanen mai rai ko kaɗan, ta sha faɗa min hadisan da suka zo a kan masu sura, ni ma kuma zuciyata ba ta kwanta da shi ba, shi ya sa na daɗe da daina zana fuskar mutum. To ya za ka zana mutum ba fuska kuma a gane shi ne? A nan na maƙale.

Tsakiyar Disambar 2024, hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen layi, na fito da sassafe da 'yar roba a hannu kamar kullum sai na tarar ba kowa a gurin. Mai shayin da ke tsallake yace ai 'yarta ce ta haihu a Ringim ta tafi yi mata wankan jego, sai an yi arba'in. Har na juya zan koma sai idona ya sauka a kan bangon.

Wallahi shekara talatin ina wucewa ta gurin nan ban taɓa ganin bangon nan ba, kullum ita nake kallo ko kaskon. Hayaƙi ya yi masa baƙi tun daga ƙasa ya tashi sama yana buɗewa kamar bishiyar kuka, ƙasan baƙi ƙirin, yana hawa yana komawa ruwan ƙasa-ƙasa har ya ɓace a jikin jar ƙasar da ba a shafe ba. Fallatsin mai ya yi ɗigo-ɗigo ko'ina kamar jikin zabo. Yara sun kankare da ƙusa sun zana mota da ƙwallo da wasu haruffa, ga guntayen fostocin zaɓe na 2019 da na 2023 wani kan wani sun yayyage, ga lambar wayar mai yasar masai da aka rubuta da jan fenti a karkace. A tsakiyar duk wannan kuma sai ga wani guri da baƙin bai taɓa ba, ya yi sumul yana ɗan sheƙi, faɗin bayan mutum, ga kafaɗu, ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka don ta ɓangaren kasko take karkata, can sama kaɗan ga wani ɗan zagaye inda ƙullin ɗankwalinta yake gogar bango. Na tsaya riƙe da roba har mai shayi ya ɗaga murya yace malam lafiya dai ko.

Ban ɗauki hoto ba, da gangan. Waya komai take ba ka daidai wa daida, ƙusar da ke jikin bango da abin da ya tsayar da kai duk darajarsu ɗaya a gurinta, kuma in hoton yana hannuna na san kaina, kwafa zan zauna yi. Sai na sa tafin hannu a bangon, ya fito baƙi, na shinshina, ƙaurin itace da tsohon man gyaɗa. Da wannan na koma gida, ba ƙosai.

Shirin kanbas ba wani abin labari ba ne amma masu son farawa suna tambaya. Na kanti ya yi tsada, ni yadi mai kauri na auduga nake sayowa a Kwari, katako daga 'Yan Katako na Na'ibawa, kafinta ya haɗa min firam ƙafa huɗu da ƙafa biyar. Wajen ɗaurawa daga tsakiyar kowane gefe ake fara buga ƙusa, ka buga nan ka koma kishiyarsa ka ja ka buga, a haka har ka kai kusurwa, in ka ɗana da yatsa ya yi ƙara kamar ganga to ya ɗauru. Sai farin fentin ruwa na bango da gam ɗin Top Bond a gauraya, shafi uku, kowanne ya bushe a bi da sanfefa. Kwana biyu na gama wannan.

Daga nan na yi kwana tara ina kallonsa. A zauren gidanmu nake aiki, kullum in shigo in zauna a benci in kalli farin abu in tashi, har uwargida tace wai wannan farin allon ɗaki muka ba shi haya ne. Ba rashin abin zanawa ba ne, abin yana cikin kaina tar, tsoro nake in ɗauki fensir in fitar da shi da layi ya koma hoton bango, alhali ni ba bangon nake so ba, abin da na ji da na tsaya a gabansa nake so, shi kuma ba shi da layi.

Wani abokina da ya karanta zane a ABU Zariya ya taɓa ba ni labarin marigayi Gani Odutokun, malami ne a sashen nasu, ya rasu a hatsarin mota a 1995, yace mutumin yakan tsinka fenti ya zama ruwa ya kwarara a kanbas ya bar shi ya bi hanyarsa, sannan shi ya bi bayan abin da ya fito. Tun da can ma 'yan Zariya suna da wannan taurin kan, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suna ɗalibai a 1958 suka kafa ƙungiyarsu suka ce ba za su zauna suna kwaikwayon zanen Turawa kawai ba alhali ga na gida a gabansu. Ni ba sa'ansu ba ne, amma rana ta goma wannan maganar kwararawar ta faɗo min. Na je inda wata tsohuwar katanga ta zube da damina na ɗebo jar ƙasa a leda, na daka, na tankaɗe da rariyar uwargida, wanda har yau ana min gori a kai, na dama da ruwa da gam ya yi kamar koko marar kauri. Sai na juya kanbas ɗin kansa a ƙasa, na kwarara daga sama. Dabarar ita ce in an miƙar da shi daidai, duk zirarar da ta gangara ƙasa za ta koma tana hawa sama kamar hayaƙi. Ban yi tunanin wannan a zaune ba, ina riƙe da kofin ne kawai na ji hannuna ya ƙi zubawa, na ajiye na juya firam ɗin, sai daga baya na gane dalili. Haka abin yake min sau da yawa, hannu ya riga kai sani.

Baƙin ne ya ba ni wahala. Baƙin akrilik na kanti, wato fentin zane da ake tsinkawa da ruwa, in ya bushe sheƙi yake kamar baƙar leda, na bangon Iya kuma baƙi ne mai shanye haske, kamar za ka tura yatsa ciki. Na kankaro baƙin tukunya a gida, na je wajen mai shayi na kankaro na gindin tukunyar ruwan zafinsa yana min dariya, na tara rabin gwangwanin madara. Na zuba ruwa ya ƙi haɗuwa, sai ya taso sama yana yawo. Akwai tsangaya bayan gidanmu, na je na gai da alaramma nace Allah gafarta malam ya kuke yi tawada take kama allo, ya kira wani gardi yace nuna masa. Ashe ƙaro ake jiƙawa ya kwana ya narke, sannan ba a zuba ruwa gaba ɗaya, ɗigo-ɗigo ake sawa ana murzawa har ya zama kamar kwaɓi, sai a tsinka. Abin da almajiri ɗan shekara goma ya sani ni da gemuna ban sani ba. Da na shafa shi a kan jar ƙasar nan da soso, ba da buroshi ba, na ja baya na kalla, sai da tsigar jikina ta tashi, baƙin ne sak. Illarsa ɗaya, ruwa na taɓa shi zai narke tunda dama don a wanke ake yin tawadar allo, dole daga ƙarshe na bi shi da gam tsinkakke a hankali, ya ɗan rage masa kyau amma ba yadda zan yi.

Aiki da hunturu kuma wani abu ne. Akrilik yana bushewa a bakin buroshi kafin ka kai shi inda za ka sa, sai da na aro irin kwalbar feshin ruwan nan ta masu aski ina fesawa ina aiki, yatsuna duk sun tsattsage. Ƙura kuwa tana shigowa ta ƙofar zaure ta zauna a kan ɗanyen fenti, kwana biyun farko ina ta masifa ina rataya tabarma a ƙofa, rana ta uku na lura gurin da ƙurar ta zauna ya fi kama da bangon gaske fiye da inda na kare, sai na yaye tabarmar na bar ta ta shigo.

Akwai wani shuɗi-shuɗi da ke kwanciya a saman katangar da asuba kafin rana ta fito, na haɗa kala ta kai bakwai ban same shi ba. Wata rana na bi ta Ƙofar Mata na zauna a marina wajen dattawan nan, allon gurin ya ce tun 1498 ake rini a nan, ina kallon wani yana tsoma yadi yana ɗagawa, yadin yana fitowa kore-kore ne sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a kan idonka, ya sake tsomawa ya sake ɗagawa, kowane zuwa yana ƙara duhu. Na gane kuskurena, ni shafi ɗaya nake so ya ba ni kalar. Na dawo na sayi bula ta wanki a shagon layinmu, na tsinka ta sosai da ɗan gam kamar ba komai a ruwan, na shafa ya bushe na sake, sau shida, a na shidan ya fito.

Yanzu ga inda na yi wauta. Komai ya tafi daidai, saura gurin jinginar, wanda shi ne zanen gaba ɗaya, na bar shi fari ina ta kewaye shi kamar mai tsoron kare. Na gwada ruwan toka, ya mutu. Na gwada ruwan madara, ya zama kamar an manna takarda. Sheƙin nan na gogar baya nake nema. Sai wani tunani ya zo min da na ɗauka basira ce, nace tunda ƙasar gaske na sa, baƙin gaske na sa, me zai hana in sa man gaske. Na karɓi ragowar man gyaɗar da aka yi suya da shi a gida na shafa a gurin da tafin hannu. Kai, ranar na ji ni wani ne. Ya yi kyau ba kaɗan ba, ga sheƙi ga kala ga har ƙamshin gurin, na kira uwargida ta gani tace to Allah ya sa alheri, da irin muryar nan.

Kwana biyu ya ƙi bushewa. Kwana huɗu ya fara yaɗuwa yana cin baƙin da ke gefensa, na leƙa bayan kanbas ɗin na ga ya huda ya fito. Kwana biyar na shigo da safe na tarar da kiyashi sun ja layi tun daga bakin ƙofa har tsakiyar zanen, ga wani wari na tsohon mai. Na kira abokin nan nawa na Zariya, sai da ya gama dariyarsa sannan yace man gyaɗa ai ba ya bushewa ko shekara zai yi, man da ke cikin fentin mai na linsid ne, shi iska ce take daskarar da shi, kuma akrilik ba ya kama kan maiƙo, duk abin da na shafa a kai ɓawo zai yi ya zubo. Na wanke da omo, na zuba toka ta tsotse, na goga da kananzir abin ya ƙara lalacewa. Na juya shi ya kalli bango nace na bar ka.

Kwana goma sha biyu ban taɓa shi ba. Na samu aikin zana haruffa da lambobi a katangar wata makarantar yara, na je na yi abina na layi miƙaƙƙe na karɓi kuɗina na sayi shinkafa. Amma ko a can ina kan tsani abin yana raina.

Wani dare an ɗauke wuta, zafi babu sauro babu amma barci ya ƙi, na fito zaure da tocilan na juyo shi. Ban zo da niyyar komai ba. Na ga reza a kan taga, na ɗauka, nace tunda gurin nan ya riga ya lalace bari in cire shi ko sauran ya tsira, na fara yanka ina bin bakin inda man ya tsaya, ba zane ba awo, inda ya lanƙwasa in lanƙwasa. Na cire na yar na je na kwanta. Da safe bayan na dawo masallaci na shigo, kanbas ɗin yana jingine a tsakiyar zaure haske yana shigowa ta ramin, na tsaya cak. Kafaɗun ne, har da saukar nan ta ɓangare ɗaya, don da hannun dama na shafa man kuma ya fi yawa ta nan ya fi yaɗuwa ta nan. Duk zanen fensir ɗin da na yi mata ba wanda ya kamo ta kamar wannan ramin.

Na so in bar shi rami, amma yadin ya saki ya fara tattarewa, dole a yi faci. Sabon yadi ya yi sabo da yawa. Na shiga wajen Hajiya nace ko akwai tsohon zani da ba a so, ta buɗe adaka ta ciro wata atamfa da ta sha wanki har zanenta ya kusa ɓacewa, tace ka ga wannan ta girmi aurenka. Na juya bayanta, na yanka, na sa ta ciki na ɗinke da basilla da zare irin na ɗinkin buhu, ɗinkin ya fito a karkace wani babba wani ƙarami na bar shi haka. Sheƙin kuma da na kusa kashe zanen a kansa, sai na tuna masu bugu yadda suke sa shadda ƙyalli ba tare da sun shafa mata komai ba, na sa katako a baya na yi ta murza gurin da gindin kwalba, kullum kaɗan, kusan sati. Da gugar dai aka yi na bangon ma.

Sauran ya zo da sauri. Fallatsin mai na yi shi da akrilik ruwan goro da rawaya, na tsoma tsintsiya na yarfa daga nesa. Fostoci na yayyaga tsohuwar jarida na manna na kankare. Lambar mai yasar masai na rubuta da hannun hagu don ta karkace, na canza lambobin kar a dame bawan Allah. Motar yaran kuwa sau uku ina kankarawa da ƙusa tana fitowa kamar ta talla, na kira ɗana mai shekara shida na ba shi ƙusar nace zana min mota a nan, ya yi ta cikin daƙiƙa kaɗan, taya uku, ya tafi abinsa.

Sanin inda za ka tsaya shi ne abin da har yau ban iya ba. Na zana duwatsun murhu uku a ƙasa, washegari na shafe su. Na sa kasko, na cire. Duk abin da na ƙara sai in ga kamar ina yi wa mai kallo bayani ne don ban yarda zai gane ba. Ina da 'yan dabaru, in kalle shi ta madubi, in kifa shi, in kalle shi da magariba lokacin da kala take gudu sai haske da duhu kawai, in wani guri ya yi ta kiran idona ba dalili to akwai abin cirewa a nan. Ranar da na shigo na zauna na sha shayina a gabansa har na gama ban ji hannuna yana ƙaiƙayi ba, na wanke buroshi.

Masu kallo kowa da nasa. Uwargida tace ita dai bango ta gani mai neman fenti. Hajiya ta daɗe tana kallo tace to ba mai rai a ciki alhamdulillahi, amma zanina ka wulaƙanta. Mai shayi ya gane gurin nan take, sai dai ba ta jinginar ya gane ba, ta jan rubutun mai yasar masai. Wata 'yar maƙotanmu da ake aika sayen ƙosai kullum ita ce ta leƙo zaure ta nuna facin da yatsa tace nan Iya take zama, ta wuce da gudu.

Iya ba ta dawo ba sai cikin Fabrairu, ta ƙara kwanaki bayan arba'in ɗin. Na bari ta tashi daga suya na sa yara biyu suka ɗauko zanen muka kai mata har gurin, aka jingine shi kusa da bangon gaske, ni kuma gabana yana faɗuwa kamar ranar da ogana ya fara ba ni allon kwastoma. Ta goge hannu a zani ta kalli wannan ta kalli wancan tace ɗan nan, duk dattin nan ka kwasa ka kai gidanku? Nace eh Iya. Ta matso ta shafa facin, ta bi ɗinkin da yatsa tace wa ya yi maka wannan ɗinki kamar na buhun gawayi, da ka kawo na yi maka. Ta ɗan yi shiru tana kallonsa, ta juya ta kalli gurin zamanta a bango kamar ita ma yau ta fara ganinsa, ta sa hannu ta taɓa kafaɗarta ta dama.

Sai tace tunda ka iya fenti, ga azumi nan farkon Maris, wata yarinya ta kafa kasko a layin baya har da allo, ni ma ka rubuta min nawa. Na samo falanki na yi mata, fari da jan rubutu, ƙosai da koko da kunun tsamiya, haruffa tsaf irin na Fagge. Tace in ƙara ba bashi a ƙasa da manyan baƙi, na ƙara. Ta biya ni da ƙosan sati guda, kuma a ƙarƙashin allon nan jiya na ga ta zuba wa wani yaro na ɗari biyu yace babansa zai kawo da yamma.